Tambarin Yatsa a Cikin Tukunyar Rana

Ƙarfe bakwai saura kwata take sauka daga motar garin Kalol. Farin sari na auduga, jakar yadi a kafaɗa, kwanon abinci mai hawa uku a hannu. A lokacin ɗawisu suna kan rufin ɗakin gwaji suna shan hantsi, kuma ba sa tashi idan ita ce. Takan tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta zare awarwaronta biyu ta sa a aljihun tebur, ta wanke hannu har gwiwar hannu, ta zura safar hannu. Sannan ta je ta tsaya a gaban allurar na'urar awo. Ba ta gaida kowa sai ta gaida allurar nan. Ko shugaban jami'a ne a bayanta, sai ya jira.

Sunanta Tarulata Solanki. Mu Taruben muke ce mata, don a harshenmu ben 'yar'uwa ce, bhai kuma ɗan'uwa. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, bayan shekara talatin da ɗaya. Ba farfesa ba ce, ba dakta ba ce. A takardarta an rubuta mai kula da ɗakin gwaji, kuma abin da aka rubuta ke nan tun ranar da ta zo.

Ni Kanji Luhar ne, mai walda, ɗan maƙeri, jikan maƙeri. Aji huɗu na yi. Shekarata saba'in da huɗu, ban taɓa yabon mutum a gaban jama'a ba, 'ya'yana shaida ne. Yau zan yi. Akwai kuma maganar da na haɗiye shekara goma sha ɗaya, ita ma yau za ta fito.

Aikin Taruben yin babu ne. A tsakiyar ɗakin akwai tukunya ta farin ƙarfe mara tsatsa, zagayayya kamar zobe, mutum zai iya shiga cikinta da rarrafe. Injuna suna zuƙe iskar cikinta ba hutawa, har ya zama babu abin da ya rage. Allurar ita ke faɗin inda babun ya kai. Idan ya kai inda ake so, sai a saki ɗan numfashin wata iska mara nauyi a ciki, a buga mata lantarki, ta yi zafin da ba shi da suna. Masu ilimi sun ce haka rana take ci a sama, ba itace ba gawayi. Sun ce wata rana za a riƙe irin wutar nan a tukunya ta daɗe, garuruwa su sha haske daga gare ta, kuma abincinta daga ruwan teku za a ɗebo. Manyan tukwanen suna wasu wurare. Tamu ƙarama ce, ta koyo. A nan ake gyara hannuwan da za su je can.

Na zo wurin shekara ashirin da biyu da suka wuce, bayan masaƙar da na yi wa aiki a Ahmedabad ta rufe. Na yi musu waldar farko, na ja da baya ina jiran a yaba. Ta zo da siririn tiyo tana fesa wata iska a kan ɗinkin, idonta na kan allura. Allura ta yi tsalle.

"Kanjibhai, wannan ta tukunyar madara ce?"

"Ben, ina walda tun kina wasan ƙasa."

"To tun ina wasan ƙasa kake yi wa madara. Gaskiya madara ba za ta fita ta nan ba. Iska kuwa shiga take yi tana waƙa."

"Ina ramin? Ɗora yatsa in gani."

"Ba a ganinsa. Gashin kanka ya fi shi kauri sau dubu, da a ce kana da gashin."

Ɗalibai suka ƙunshe dariya. Na ɗauki jakata na tafi gida. Kwana uku ban zo ba. A na huɗu na dawo, don ban iya barci da ramin da ban gani ba. Ba ta tambaye ni inda na shiga ba. Ta zuba shayi a faranti ta miƙo mini, ta ce, "Sha, sai mu fara." Shekara biyu ta yi tana koya mini ɗinkin da ake yi daga ciki, wanda iska ba ta samun wurin ɓuya. Ita ba ta riƙe ƙarfen walda. Da allura take koyarwa. Ban taɓa ce mata na gode ba.

A jikin tukunyar akwai tagar gilashi kamar tafin hannu. Ranar da na fara leƙawa, ta ce kada in ƙifta. Aka ƙirga zuwa uku. Sai wani haske ya zagaye cikin zoben, tsakanin ja da shuɗi, irin launin da sama take yi a kan kogin Sabarmati kafin ruwan farko. Bai taɓa bango ba. A rataye yake a cikin babu, kamar abin da ya zo daga nesa ya tsaya ya dube mu. Kafin in ja numfashi ya tafi. Na daɗe da goshina a jikin ƙarfen.

A wajen shayi, ƙarƙashin darbejiya, na tambaye ta yaushe wannan abu zai kunna fitilar gidana.

"Ba zan gani ba, kai ma ba za ka gani ba. Wanda zai gani, ina jin kakarsa yanzu take zana jarabawa."

"To me ke tashin ki da asuba?"

"Motar Kalol ba ta jira."

Haka take. Ba ta wa'azi. Amma na sha ganinta da azahar, idan injuna suna gunjinsu a hankali kuma ɗaki ya yi sanyi, ta zauna ta zuba wa tagar nan ido alhali ba komai a ciki. Bhikha mai shayin bakin ƙofa ya ce wata rana ya tambaye ta me take kallo. Ta ce masa ƙauyensu take gani, can wajen Patan, da fitila a kowane zaure, da famfon gona yana ja ba wanda ke tsoron a ɗauke wuta.

Wuri irin namu da tallafi yake numfashi. Duk shekara uku sai a nemi kuɗin horo daga wata hukuma a Delhi. Taruben ke rubuta takardar neman, shafi bayan shafi, shugaban sashenmu Farfesa Mankad ya sa hannu a ƙasa. Mutumin kirki ne, amma sunansa ne ke zuwa Delhi, nata a aljihun tebur yake kwana tare da awarwaro. Ita ce ta cusa wani sharaɗi a takardar da babu wanda ya nema: duk ɗalibin jami'a ɗaya da za a ɗauka, a ɗauki ɗaya daga makarantar koyon sana'a, su zauna benci ɗaya, su ci tallafi iri ɗaya.

Ina nan Farfesa ya ce, "Taruben, Delhi masu digiri take ƙirgawa."

"Saheb, in an gama ƙirga su, wa zai ɗaure musu noti?"

Ya sa hannu.

Ba ta jira yaran su zo ba, ita ta je. Ranar hutunta takan hau jirgi zuwa Surat ta zauna a cikin masu goge lu'ulu'u tana kallon hannuwa, ta zaɓi wanda nasa ba ya rawa. A haka ta samo Rukhsana Mansuri a cikin tsohon gari. Gidansu masu yin katifar auduga ne. Yarinyar ta gama koyon walda, ba wanda ya ɗauke ta, tana zaune tana ɗinke bakin katifa. Lahadi uku a jere Taruben ta je ta zauna a shagon mahaifinta, auduga na sauka mata a ka. Mahaifin da bakinsa ya ba ni labari.

"Ben, wuta da 'ya mace?"

"Mansuribhai, wa ke hura murhu a gidanka?"

Da aka kawo mini ita na ce ni ba na koya wa mace. Taruben ta ce, "Ba komai. Ka gaya mata wanda ya koya maka, sai ta je wurinsa." Na miƙa wa yarinyar gilashin fuska.

Yanzu ga maganar.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, labari ya zo daga Delhi cewa kuɗi ya ja baya, za a rufe rabin wuraren horo irin namu. Kwamiti zai zo ya duba mu kwana goma bayan bikin Dashera. A lokacin yara goma sha huɗu ne a hannunmu, bakwai na jami'a, bakwai na sana'a. In an rufe, na jami'a za su sami wata ƙofa. Na sana'a gida za su koma, Rukhsana ga katifa. Abin da za mu nuna wa kwamitin sabuwar tukunya ce da muka yi wata biyar muna haɗawa da hannunmu. Ni na ɗinke jikinta. Bakuna biyu na ƙarshe Taruben ta ba Rukhsana, karo na farko da aka sakar mata babban aiki.

Ranar Dashera kowa yakan wanke kayan sana'arsa, ya rataya musu fure, ya ɗiga musu kanku, jan garin nan na ibada. Direba ga motarsa, tela ga kekensa. A gidanmu na maƙera da man shanu muke kwaɓa garin, don ƙarfe ya ci ya ƙoshi. Haka mahaifina yake yi wa uwar maƙera, kuma ba a gefe yake sawa ba, sai daidai inda guduma ke sauka. Taruben ta yarda a rataya fure a ƙofa, a ci soyayyen fafda da jalebi mai zaƙi a waje. Ciki kuwa ko ƙwayar shinkafa ba ta shiga.

Da hantsi kowa yana waje yana ci. Ba a rufe murfin ƙarshe ba, sai da yamma za a ɗaure shi. Na shiga ni kaɗai. Na san doka sarai. Amma a raina doka don datti aka yi ta, wannan kuwa albarka ce. Wata biyar na yi a cikin cikin tukunyar nan. Ban ga yadda za a kunna mata wuta da yunwa ba. Na zare safa, na tsoma babban yatsana a kwaɓin, na zura hannu can sama inda ido ba ya kaiwa, daidai inda hasken zai bi, na danna. Na fito na ci jalebina. Da yamma aka rufe, aka tada injuna.

Allura ta yi ta sauka, ta yi ta sauka, sai ta tsaya. Nesa da inda ake so. Kwana ɗaya, kwana biyu. Aka bi kowane ɗinki da tiyo, ba a sami rami ba. Farfesa ya shigo hankalinsa a tashe, ya ce a gaban kowa abu ɗaya ne sabo a jikin tukunyar nan, shi ne hannun yarinya. Rukhsana ta daina buɗe kwanon abincinta. Ta zo ta tsaya a gefena.

"Kaka, don Allah ka sake duba mini. Idonka ya fi nawa."

Na duba. Ɗinkinta kamar an jera ƙwayar gero. Na ce, "Waldarki lafiya." Ban ƙara ba.

A kwana na uku na gane. Ina wanke hannu na ga sauran ja a gindin farcena. Na yi shiru. Na gaya wa kaina injuna za su lashe shi. Kwana uku ina kallon yarinyar nan tana ramewa, ina shiru. Wannan ba mantuwa ba ce. Girman kai ne.

A kwana na shida Taruben ta tara yaran gaban allura. Ta sa aka toshe hanyar injuna, ta ce kowa ya ɗauki fensir ya riƙa rubuta yadda allura take hawa. Suka zauna a ƙasa suna rubutawa. Allura ta hau da sauri, sai ta rage gudu, sai ta kusa tsayawa. Rukhsana ce ta fara ɗago kai.

"Ben, rami ba ya gajiya. Wannan yana gajiya."

"To?"

"Ba daga waje yake shiga ba. Wani abu ne a ciki yake numfashi."

Suka kunna na'urar da ke sansana abin da ya rage a cikin babun. Ɗaya daga cikin na jami'a ya duba takarda ya ce, "Mai ne, Ben. Wa ya soya albasa a ciki?" Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Buɗe tukunya ba wasa ba ne. In an buɗe, sai an goge, an rufe, an gasa ta mako guda kafin ta karɓi wuta. Kwamiti kuwa saura kwana huɗu. Farfesa ya ce kada a buɗe. A buga mata lantarki a haka, wani abu dai zai walƙa, mutanen Delhi ba za su bambance ba. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, shi ma yaran yake ji.

Taruben ta ce, "Saheb, su za su ga haske. Yarana kuma za su ga na yi ƙarya. Wanne zai fi daɗewa?"

Washegari aka kwance murfin. Ta ɗaure bakin sarinta, ta sa rigar leda, ta shiga da tocila. Ta daɗe. Da ta fito ba abin da fuskarta ta nuna. Ta ce, "Waldar Rukhsana ba ta da laifi. Kada kowa ya taɓa ciki." Ta wuce ta wanke hannu.

A wajen shayi ta sallami yara, muka rage mu biyu a ƙarƙashin darbejiya. Ɗawisu ɗaya yana tsinta kusa da ƙafarta.

"Kanjibhai, miƙo hannunka."

Babban yatsana yana da tsaga a tsakiya, kurfin yanka ƙarfe ya yi mini ita ina ɗan shekara tara. Ta juya shi ta duba, ta sake.

"Man na gida ne ko na kanti?"

"Na gida."

"Shi ya sa ya ƙi fita."

Na miƙe na ce zan je in gaya wa Farfesa. Ta ce in zauna.

"In ka faɗa yanzu, me za a rubuta a Delhi? Za a ce ga abin da ake samu in an shigo da marasa karatu. Kai za ka tafi gida da girmanka, yara bakwai su bi ka. Kama bakinka. Ai ka iya, na gani."

Wannan kalma ta ƙarshe har yau tana mini zafi. Daidai take.

Kwamiti ya zo, mutum uku. Shugabansu wani siririn mutumin kudu ne, Dakta Raghavan, mai magana ƙasa-ƙasa. Haske suka zo gani. Taruben ta kai su gaban buɗaɗɗiyar tukunya, ta ba shi safa da rigar leda da tocila, ta ce, "Saheb, sai ka ɗan rusuna." Farfesa Mankad kamar ƙasa ta tsage ya shige. Mutumin ya dube ta, ya dubi ramin, ya durƙusa ya shiga. Muna jin numfashinsa a cikin ƙarfe. Da ya fito ya zauna a kan akwati da tocilar a kunne.

Ya ce, kamar da kansa yake, "Mahaifiyata takan yi wa keken ɗinkinta." Sai ya gyara murya, fuskarsa ta koma ta ofis. "Yatsan wa?"

Ina tsaye a baya, hannuna a aljihu.

Taruben ta ce, "Makullin ɗakin nan a hannuna yake, Saheb."

"Ba abin da na tambaya ke nan ba."

"Shi ne abin da zan amsa."

Sai ta kira Rukhsana. Yarinyar ta shimfiɗa takardun da suka rubuta da fensir. Ta nuna musu yadda allura ta gaji, da yadda suka san abin a ciki yake tun kafin a kwance noti ɗaya. Dakta Raghavan ya yi mata tambaya biyar. Ta amsa huɗu, ta biyar ta ce ba ta sani ba. Ya tambaye ta a wace jami'a ta yi digiri. Ta ce, "Katifa muke yi a gidanmu, Saheb."

Taruben ta ce, "Tukunya irin wannan, in kuna da kuɗi, a shekara ɗaya za ku saya. Wanda zai ji ƙanshin man shanu ta bayan bangon ƙarfe, shekara shida ake yi ana yin sa. Ba ni da hasken da zan nuna muku yau. Waɗannan nake da su."

Bayan wata ɗaya takarda ta zo. Ba a rufe mu ba. Shekara biyu aka ba mu maimakon uku, amma guraben goma sha huɗu suna nan, har da bakwai na sana'a. A cikin ambulan ɗin akwai wata takardar, ta gargaɗi, da sunan mai kula da ɗakin gwaji, saboda sakaci. Aka sa ta a fayil ɗinta. A shekarar ne ya kamata a ɗaga ta zuwa mataki na gaba. Aka tsallake ta, kuma ba a sake waiwayarta ba.

Tukunyar kuwa, mako uku bayan tafiyar kwamiti ta karɓi wuta. Da la'asar ne, ba baƙo ko ɗaya. Rukhsana ce ta danna. Muka yi layi muna leƙa tagar ɗaya bayan ɗaya, ana sake bugawa. Da layi ya zo kaina hasken ya zagayo, ya bi ta daidai inda yatsana ya taɓa zama, ya wuce bai tsaya ba. Wurin fes yake. A kan rufi ɗawisu suka yi kuka.

Na zaci Taruben za ta hana kanku har abada. Da Dashera ta zagayo sai ta ce in yanko farantin baƙin ƙarfe in kafa a bango, a waje, gefen ƙofa. Ta ce, "Ƙarfe ya ci ya ƙoshi, Kanjibhai. Amma a nan zai riƙa cin abincinsa." Tun daga nan duk shekara mai so yakan danna yatsansa a farantin, da man shanu na gida, sannan ya je ya wanke hannu har gwiwar hannu. Masu yi don ibada suna yi, Rukhsana da ire-irenta sukan tsaya su riƙe mana kwano suna tsokana. Sabon ɗalibi a gaban farantin nan ake fara ba shi labarin tambarin da aka samu a ciki. Ba a taɓa faɗa masa na wane ne ba. Ita ma Taruben ba ta taɓa dannawa. Takan ce hannunta ya saba da safa.

Taruben, ke ce kika koya wa tsohon maƙeri cewa akwai ramin da ba a gani. Ke ce kika rubuta takardun da suka ciyar da yara fiye da ɗari, babu sunanki a ko ɗaya. Ke ce kika ɗauki laifin da ba naki ba kika sa a jakar yadi, kika hau motar Kalol da shi shekara goma sha ɗaya, ba ki taɓa yi mini gori ba ko da ido. Mai sharar babu. Uwar allura. Iyakar kirarin da na iya ke nan.

Yaranki sun watsu. Wasu suna manyan ɗakunan gwaji na ƙasar nan. Wanda kika ɗauko daga masu goge lu'ulu'u yanzu shi ke horar da wasu. Rukhsana tana ƙetaren teku, inda ƙasashe suka haɗu suna gina babbar tukunya, masu digiri suna bin ta da littafi. Duk inda suka shiga, an ce ana gane su. Sukan tsaya gaban allura kafin su gaida mutane.

To, ga abin da na zo faɗa. Yatsan nan nawa ne. Ni Kanji Luhar na danna shi, da hankalina, na kuma yi shiru. Farfesa Mankad yana raye a Vadodara, a karanta masa. Wanda fayil ɗinta yake hannunsa, ya zare takardar nan kafin ƙarshen wata, in yana so ya sa sunana a wata. Yanzu ba wanda za a kora saboda ni. Rukhsana, 'yata, kwana ukun nan da na bar ki ba ki ci abinci ba, ki yafe wa Kaka.

Ku masu raba tallafi, in kun zo rubuta kuɗin inji, ku rubuta na hannun da zai riƙe shi, kuma kada ku tambayi hannun takardarsa kafin ku ga aikinsa. Ku malamai, ku fita ranar hutunku ku duba shagunan bayan gari. Ku yara, in allura ta tsaya, ku buɗe tukunya ko da baƙi suna hanya. Ranar nan da ake son kunnawa a tukunya tana da nisa. Sai an yi ta miƙa ta daga hannu zuwa hannu, kuma kowane hannu sai wani ya wanke shi ya koya masa.

Dasherar da ta wuce ita ce ta ƙarshe da za ta yi da mu. Na je, ko da yake yanzu Talata da Juma'a kawai nake leƙawa in duba hannun yara. Kowa ya gama dannawa, ana shirin ɗauke kwano, sai ta ce a dakata. Ta zare safar hannun dama, yatsa bayan yatsa. Ta tsoma, ta nemi tambari mai tsaga a tsakiya, ta danna nata a gefensa. Ɗan ƙarami ne.

Ta ce, "Kada ka saba, Kanjibhai."

Duk shekara akan goge farantin kafin biki. Wannan ba za a goge shi ba. Na yanko sabo na kafa a ƙasansa, na rufe tsohon da gilashi, na ɗinke gefensa daga ciki yadda ta koya mini. Iska ba za ta shiga ba, na gwada. Shekara talatin da ɗaya a ɗakin nan, tambarin yatsanta ɗaya ne tak, kuma ni ke gadinsa.

Na gode, Ben. Na makara da shekara ashirin da biyu.